Muryar shugabana ba ta fita a taro, na rasa Turancin da zan faɗa masa

Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da na samu aiki da wata ƙungiya, daga gida nake yi, kuma duk Talata muna da taro ta Zoom da Turanci. Shugaban sashenmu dattijo ne mai kirki, shi ma Turancin koyonsa ya yi kamar ni. Matsalar ita ce makirufonsa. Muryarsa tana fitowa kamar daga cikin rijiya, wani lokaci kuma ta riƙa yankewa. Mu goma sha ɗaya ne a taron, babu mai cewa uffan. A watan jiya ya faɗi ranar miƙa rahoto, na ji "thirtieth", ashe "thirteenth" ya ce, na makara. Makon da ya wuce na yi ta maza na ce, "Sorry sir, I can't understand you." Sai ya yi shiru, ya ba da haƙuri a kan Turancinsa, ya koma magana a hankali kamar mai koyar da yara. Tun ranar kunya ta hana ni sakat. Don Allah me ya kamata in ce, kuma ta yaya zan gyara abin da na ɓata?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sauke wannan nauyin da kika ɗora wa kanki tukuna. A cikin mutum goma sha ɗaya ke kaɗai kika buɗe baki, kuma buɗe bakin shi ne daidai. Kalma ɗaya ce tak ta kauce miki, kuma na san inda ta samo asali. A Hausa kalmar "ji" kaya biyu take ɗauka. Idan na ce ban ji ba, ko dai sautin ne bai iso kunnena ba, ko kuwa ya iso amma ban kama ma'anar ba. Har harshe ma jin sa muke yi, shi ya sa muke cewa wance tana jin Turanci. Shi kuwa Turanci ya raba su gida biyu: "hear" na kunne ne, "understand" na fahimta. Da kika ce masa "I can't understand you", ke na'ura kike nufi, shi kuma abin da ya shiga kunnensa shi ne Turancinsa ba ya fahimtuwa. Duk wanda ya koyi harshe da girmansa yana yawo da wannan fargabar a ƙirji, ke ma shaida ce. Kin taɓa masa wurin da ke ciwo ba da niyya ba. Haƙurin da ya bayar kuma ya nuna miki irin mutumin da kike aiki da shi, don haka gyaran ba zai yi wuya ba.

Abu na biyu da nake so ki riƙe shi ne, dattijon nan bai san halin da muryarsa take ciki ba. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin makirufo maganar juyewa take yi. Manhajojin taro ba sa mayar wa mai magana da muryarsa. Shi yana jin kansa ne ta iska da ta ƙasusuwan kansa, tas, yadda ya saba ji tun yana yaro. Iyakar abin da yake gani a allo shi ne ɗan koren nan da ke motsi a cikin alamar makirufo, wanda kawai yake nuna cewa sauti yana shiga, ba ya faɗin kyansa ko muninsa. Idan ku da kuke ji ba ku faɗa ba, babu ta inda zai sani.

Na taɓa zama a kujerarsa. Shekarun baya na gabatar da wani bayani ta intanet wanda na yi kwana uku ina shiryawa. Ina sanye da ɗan abin kunnen nan mai waya, wanda makirufonsa ke rataye daidai wuya. Ashe duk motsin da na yi yana gugar wuyan rigata. Na yi kusan rabin awa ina magana, fuskoki a allo suna ta gyaɗa kai. Sai da aka tashi wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa ƙarar guga ta cinye rabin abin da na faɗa, ba ta so ta katse ni ne. Na san kara ta yi mini, amma abin ya yi mini ciwo sosai, domin gyaran bai wuce in riƙe wayar da yatsu biyu ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar irin wannan shirun a matsayin ladabi. Abokan aikinki goma da suka yi gum, su ne suka bar shugabanku yana ta zuba ruwa a kwando wata da watanni.

To, me za ki ce? Dabarar ita ce ki ɗora maganar a kan sauti, ki ɗauke ta daga kan mutum. Ki sa "audio" ko "sound" ko "mic" ko "line" su zama abin da ake magana a kansa. Ga jimlar da ta dace da matsalar shugabanki:

"Sorry to interrupt, your audio is a bit muffled. Could you move a little closer to the mic?"

Wato, a yi haƙuri na katse, sautinka ya ɗan dushe, ko za ka ɗan matso kusa da makirufo? Dubi yadda aka gina ta. An nemi afuwa sau ɗaya, an faɗi abin da kunne yake ji, sannan an ba shi abu ɗaya da zai gwada. Mu muna zuba ladabinmu a cikin "ranka ya daɗe" da "don Allah" da sassauta murya. Turancin wurin aiki kuwa a cikin 'yan ƙananan kalmomi yake ɓoye nasa: "a bit", "a little", "I think", "it seems", "could you", "would you mind". Su ne suke mayar da umarni ya zama roƙo. Idan kika cire su jimlar za ta fito tsirara ko da kin jera "sir" sau uku. Idan kuma suna nan, "sir" ɗaya ya isa, ko ma ki kira shi yadda sauran abokan aiki suke kiransa. Kada ki yi doguwar shimfiɗa ta neman gafara. Mai cewa tana matuƙar baƙin ciki, tana fata ba za a ga rashin kunyarta ba, ta san ita sabuwa ce, tana cin lokacin taro ne, kuma tana sa ƙaramin abu ya zama kamar babban laifi.

Lokacin faɗa ma yana da nasa muhimmanci. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Cikin rabin mintin farko na maganarsa, da zarar ya ja numfashi tsakanin jimla da jimla, ki shigo. A nan katsewar ba ta ɓata komai. Idan kika bari ya yi minti goma, kin tilasta masa zaɓi tsakanin maimaita komai da barin ku cikin duhu, kuma zai tambayi kansa dalilin da ya sa aka ƙyale shi tun farko. Za ki iya rubutawa a akwatin saƙon taron, amma ki sani mai nuna allonsa ga jama'a sau da yawa ba ya ganin saƙonni sai ya gama. A irin wannan hali murya ta fi, ko ki aika wa mai jagorantar taron saƙo shi kaɗai.

Za ki fi taimaka masa idan kin iya bambance irin ƙarar da kike ji, domin kowace da maganinta, kuma kowace da sunanta a Turanci. A wasiƙarki kin ambaci abu biyu daban, muryar rijiya da yankewa, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba.

Muryar rijiya yawanci nisa ne. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), sai sautin da ke dawowa daga bango da rufin ɗaki ya rinjaye ta. Abin da ya fi faruwa shi ne mutum ya sa abin kunne mai makirufo, ya ɗauka da shi yake magana, alhali manhajar tana ɗaukar sauti ne daga makirufon jikin kwamfutar da ke can gefen tebur. A Zoom akwai ɗan kibiya kusa da alamar makirufo, a nan ake zaɓar wanda ake so. Sai ki ce, "It sounds like Zoom may be using your laptop mic instead of your headset." Idan kuma muryar ta yi siriri kamar ta tsohuwar wayar tarho, duba ko abin kunnensa na Bluetooth ne. Irin waɗannan suna sauka zuwa sauti mai ƙarancin inganci da zarar an kunna makirufonsu, shi ya sa mai waya yakan fi su fitar da murya a taro.

Yankewa kuwa, inda kalmomi ke ɓacewa a tsakiya ko murya ta koma kamar ta mutum-mutumi, galibi ba laifin makirufo ba ne, intanet ne ya yi rauni. Sautin yana tafiya ne gutsure-gutsure, wasu su ɓace a hanya ko su makara. Matsowa kusa da makirufo ba zai yi maganin wannan ba. Abin da masu harshen suke cewa shi ne "You're breaking up" ko "You're cutting out". Kada "you" ɗin da ke ciki ya tsorata ki, kowa ya san layi ake nufi. Sai ki ƙara da, "Would you mind turning off your video for a moment? It might help the audio." Hoto ya fi murya cin intanet nesa ba kusa ba, kashe shi yakan ba muryar hanya.

Amsa-kuwwa tana da wani abin mamaki da ya kamata ki sani don kada ki ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Idan kina jin muryarki tana dawo miki, matsalar ba a wurinki take ba. Lasifikar wani ce take fitar da muryarki, makirufonsa ya sake ɗauka ya aiko miki, kuma shi mai haddasa abin yawanci ba ya jin komai. Tunda ba ki san ko wane ne ba, ki yi maganar ga kowa: "There's an echo on the line. Could everyone who isn't speaking please mute?" Ƙarar nan mai tsinin da ke huda kunne kuma, yawanci na'ura biyu ne suka shiga taro ɗaya a ɗaki ɗaya, ko mutum ya shiga da waya da kwamfuta a lokaci guda.

Mafi sauƙi duka shi ne ki ga baki yana motsi babu sauti. "I think you're on mute." Shi ke nan. Wannan jimlar ta zama ruwan dare tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da aiki gida, har kamfanin Zoom ya ce masu shiga taruka a manhajarsa a kullum sun tashi daga kusan miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Babu babban da ba a taɓa faɗa masa ita ba, babu kuma wanda yake jin haushinta. Idan kin ga yana laluben maɓallin buɗe makirufo, a kwamfuta mai Windows, Alt da A ne a Zoom, Ctrl da Shift da M a Teams, Ctrl da D a Google Meet.

Akwai kishiyar wannan, kuma a ganina ta fi duk sauran gaggawa. Wani ya manta makirufonsa a buɗe, ya juya yana magana da iyalinsa ko yana amsa waya, jama'a suna ji. A nan ba a jiran numfashi, ba a neman izini. Ki kira sunansa ki ce, "Just to let you know, your mic is still on." Rufin asiri ne, kuma duk daƙiƙar da kika jinkirta tana iya fitar da maganar da ba za ta komu ba.

Yanzu ga waɗanda za ki kiyaye. "Your voice is cracking" da yawanmu muna faɗa da nufin layi yana yankewa, amma a kunnen mai harshen tana nufin muryar mutum tana rawa, irin ta mai shirin kuka ko yaron da ke balaga. "Your voice is bad" zagi ne ƙarara. "Your voice is low" tana iya nufin muryarsa mai kauri ce, don haka ki ce "Your volume is a bit low." "Speak louder" da "What?" su kaɗai umarni ne da gatsali. "Off your mic" ba daidaitaccen Turanci ba ne, "Could you mute, please?" ake cewa.

Za ki ji mutane da yawa suna farawa da "It might be on my end, but...", wato wataƙila daga wajena ne. Jimla ce mai kyau idan da gaske ba ki da tabbas. Amma ni ba na son a mayar da ita mafaka, kuma dalilina ba na ɗabi'a kaɗai ba ne. Idan kika ce wataƙila daga wajenki ne, shugabanki zai tausaya miki ya ci gaba da magana, makirufon yana nan yadda yake. Gwajin ba shi da wuya: idan kina jin kowa tas sai shi kaɗai, daga wajensa ne. Sai ki faɗi hakan da taushi, "I can hear everyone else clearly, so I think it may be your mic." Idan kuma kina jin nauyin tsayawa ke kaɗai, jefa tambayar ga jama'a: "Is anyone else having trouble with the audio?" Za ki sha mamakin yadda mutum goman nan za su fara amsawa ɗaya bayan ɗaya. Jira suke wani ya fara.

Batun ranar rahoto kuma, kada ki ga kamar rauninki ne. "Thirteen" da "thirty", "fourteen" da "forty", har zuwa "nineteen" da "ninety", suna rikita masu harshen kansu a waya, domin bambancin bai wuce inda aka danna murya da ɗan harafin "n" na ƙarshe ba, kuma su ne farkon abin da mummunan sauti yake haɗiyewa. Shi ya sa ake warware lambar ɗaya-ɗaya: "Was that the thirteenth, one three, or the thirtieth, three zero?" Daga yau duk wata rana, adadi ko suna da aikinki ya rataya a kai, ki nemi a rubuta: "Could you put the date in the chat, please?" Idan kuma wani yanki ne ya ɓace, ki nuna masa daidai inda aka rabu, kamar "We lost you after 'the report is due'. Could you repeat that part?" Hakan ya fi "please repeat" sau goma, domin ya san daga inda zai ɗauko, kuma ya san kina biye da shi.

Saura gyaran abin da ya faru. Kada ki bari sai Talata, kuma kada ki yi shi a gaban jama'a. Ki rubuta masa saƙo shi kaɗai, gajere, kamar haka:

"Good morning. I wanted to clarify what I said in the last meeting. Your explanation was clear. The problem was the sound: your microphone has been muffled on our recent calls, and I missed some words. If it helps, I can join five minutes early on Tuesday so we can test it together."

Kin ga abin da saƙon ya yi. Ya wanke Turancinsa, ya faɗi ainihin matsalar, ya kuma miƙa hannun taimako. Jimla ta uku, wadda ta ce bayaninsa a fili yake, ita ce za ta cire masa ƙayar, don haka kada ki tsallake ta. Shawarata kuma, kada ki sako zancen makarar rahoto a cikin wannan saƙon. Ko da gaskiya ne sautin ne ya jawo, haɗa su zai sa abin ya yi kama da neman uzuri, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan shi da kansa ya haɗa biyu da biyu, to madalla.

Idan ya amince kuka haɗu kafin taro, ki nuna masa wurin gwajin sauti. A saitin Zoom, ɓangaren "Audio", akwai maɓallin "Test Mic" da ke naɗar murya na 'yan daƙiƙu ya sake kunna wa mutum. Teams ma yana da "Make a test call" mai yin irin wannan aiki. Wannan ne karon farko da zai ji abin da kuka daɗe kuna ji, kuma daga nan ba sai kin ƙara bayani ba.

Ki zaɓi jimla biyu ko uku daga cikin waɗannan, ki rubuta a takarda ki ajiye gefen kwamfuta, ki furta su da ƙarfi sau da yawa kafin taro, domin a lokacin da gaba ke faɗuwa abin da harshe ya saba shi yake fitowa. Kuma ranar Talata, idan ya taɓa wani abu muryar ta washe, kada ki koma shiru. Shi har yanzu ba ya jin kansa, bai san ko gyaran ya yi ba, zai ci gaba da lalube ko ya mayar da abin yadda yake. Ki buɗe makirufonki ki ce, "That's much better, thank you. We can hear you clearly now."

Allah ya ba da sa'a, ƙanwata, ya sa albarka a aikin.